Hoton makaɗan da ba a rubuta sunayensu ba: me tsofaffin jaridu suka adana mana na kiɗan Maraɗi?

Ɗan Bagalam

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Makon jiya muka buɗe akwatin ƙarfe na marigayi mahaifinmu domin a raba tufafinsa, sai muka tarar an shimfiɗe ƙasan akwatin da tsofaffin jaridu, kamar yadda mutanen da suka saba yi don kada tsatsa ta taɓa riga. Gara da danshi sun cinye yawancinsu, amma shafi guda ya tsira, kuma a tsakiyarsa akwai hoton makaɗa biyar zaune bisa tabarma: biyu sun rataya kalangu, ɗaya yana riƙe da goge, ɗaya ya kifa ƙwarya a gabansa, na biyar kuwa ya ɗaga hannu sama, bakinsa a buɗe, da alama shi ne mai waƙar. A ƙarƙashin hoton akwai layi ɗaya tak da Faransanci, wanda ke cewa makaɗan gargajiya na Maraɗi sun ƙayatar da baƙi. Ba a ambaci sunan ko mutum guda daga cikinsu ba, alhali labarin da ke gefen hoton ya jero manyan baƙin ɗaya bayan ɗaya, kowa da muƙaminsa. Saman shafin ya yage, saboda haka sunan jaridar da kwanan watan duk sun tafi.

A cikin akwatin mun kuma sami faifai uku, biyu masu nauyi irin na garmaho, ɗayansu ya tsage, da wani babba marar nauyi wanda zafi ya lanƙwasa har ba ya zama daidai a bisa tebur. Tambayata ita ce, shin jaridun wancan zamani suna rubutu a kan faya-fayan makaɗanmu da wasannin da ake yi a cikin gari, ko kuwa iyakarsu ke nan, hoto da layi guda? In har suna yi, ina mutum zai je ya gani da idonsa? Na ɗora hoton shafin a nan domin kowa ya duba.

Tsohon Mushe

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa can ta fi nan. Kafin mu zargi wanda ya rubuta wannan layi, ya kamata mu tuna irin jaridar da muke da ita a lokacin. Jaridar kullum guda ɗaya ce, ta gwamnati ce, da Faransanci ake rubuta ta, kuma a Yamai ake buga ta. Zamanin Diori Hamani sunanta Le Temps du Niger, bayan da soja suka karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974 aka koma kiranta Le Sahel. Tsakaninmu da Yamai ya haura kilomita 600, don haka kafin ta iso hannunmu labarin ya riga ya kwana, kuma masu karanta ta ba su wuce ma'aikatan bariki da mu malaman lakwal da wasu ƴan kasuwa ƙalilan ba. Jarida mai zaman kanta ba mu gan ta ba sai 1990, lokacin da Haske ta fito.

Abin da wannan ke nufi shi ne, ɗan jarida ba ya zuwa Maraɗi domin kiɗa, yana zuwa ne a ayarin minista, kuma kiɗan da zai gani shi ne wanda aka shirya a gaban rumfar da ministan zai zauna. Wasan da ake kwana ana yi a ƙofar gidan biki a Mokoyo ko Ɗan Gulbi, da kiɗan sara da ake yi a ƙofar fada daren Juma'a, ba su cikin aikin da aka turo shi, kuma ko ya ji su daga masaukinsa ba zai ɗauke su labari ba.

Wurin da zan ce jarida ta yi ƙoƙari shi ne bikin matasa na ƙasa, wanda aka fara a Damagaram a 1976 zamanin Seyni Kountché, ana zagayawa da shi jaha-jaha. A makon bikin za ka ga shafuka cike da labarin gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo, da jahar da ta zo ta ɗaya da wadda aka kayar. Ni kaina na raka yaran samariya irin wannan tafiya, na kuma yanke shafukan na ajiye har suka lalace. Sai dai ko a can, sunan jaha ake kira, ba kasafai ake kiran sunan yarinyar da ta ba da waƙa ko dattijon da ya koya mata ba.

Ga shawara: ka juya bayan shafin ka karanta duk abin da ya rage. Idan ka ga ana maganar jam'iyyar PPN-RDA a matsayin mai mulki, to kafin Afrilun 1974 ne. Idan kuwa ka ga majalisar ƙoli ta soja, wadda ake taƙaitawa CMS, to bayan nan ne.

Hajiya ta Sabon Gari

Ina yi maka ta'aziyya, ɗana. Malam ya yi bayani a kan jarida, ni kuwa zan faɗi abin da na gani daga cikin gida, domin a tsawon ƙuruciyata ban taɓa jin an ce wani ya san za a yi wasa ta hanyar jarida ba. Goro ake rabawa gida-gida, sanƙira ya zagaya unguwa yana shela, kafin la'asar duk wanda ya kamata ya ji ya ji. Ku maza aƙalla an ɗauki hotonku ko da ba suna. Mu fa? Kiɗan ƙwarya da amada a tsakar gida ake yin su, inda namiji baligi ba ya shiga, balle baƙo mai kyamara. Na san zabiyar da in ta ɗaga murya a gidan suna sai matan unguwa uku su bar tukwanensu bisa wuta, ta yi shekaru fiye da talatin tana wannan sana'a, ta rasu ba a taɓa rubuta sunanta a takarda ba in ban da katin zaɓe. Waƙoƙin gaɗa da muke yi a dandali da farin wata su ma haka suka wuce.

Jaridarmu ta gaskiya rediyo ce. Muna kama Yamai, muna kama Kaduna, kuma a shirin zaɓe da gaisuwa ne muke sanin wace waƙa ce ke tashe, domin wadda aka fi roƙo ita ce za ka ji ƴanmata suna rerawa a bakin rijiya washegari.

Bakatsine

Gaisuwa ga ƴan'uwana Katsinawan Maraɗi daga wannan gefe na iyaka. Baba Mushe ya ce jarida ɗaya ce, amma ina ganin ya manta da wadda ke shigo muku ta Jibiya da Ɗan Isa a cikin kayan fatake, wato Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a watan Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta. Tsakanin Katsina da Maraɗi bai kai kilomita 100 ba, kuma kakana ya sha faɗa mini cewa abokan cinikinsa na Maraɗi sukan sa a karanta musu ita a zaure. Ita da Hausa take, don haka mutum zai zaci a cikinta za a sami makaɗa birjik. Na zauna na bi wasu tsofaffin fitowarta a Arewa House da ke Kaduna, kuma abin da na lura da shi ya ba ni mamaki: tana girmama waƙa ƙwarai, amma rubutacciya. Waƙar malami ko ɗan boko a kan ilimi ko siyasa ko tsabta takan sami fili baiti-baiti da sunan mai ita, waƙar baka kuwa, wadda ake yi da kalangu ko kotso, sai dai a ambace ta a gefen labarin hawan salla ko naɗin sarauta.

Saboda haka ban yarda cewa Faransanci ne kaɗai matsalar ba. Ko a inda Bahaushe ke riƙe da alƙalami da harshensa, bai ɗauki makaɗi a matsayin wanda za a zauna a tattauna da shi ba sai can daga baya. Ku duba Mamman Shata: ya shafe shekaru masu yawa yana cika fili kafin Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, kuma a ganina irin wannan karramawa ce ta sa masu rubutu da yawa suka daina jin kunyar ɗaukar makaɗi da muhimmanci.

Tsohon Mushe

Ban manta da ita ba, ɗan'uwa, amma ka yi daidai da ka tuna mini. Mu ma a nan ma'aikatar yaƙi da jahilci ta riƙa fitar da ƴan jaridu da harsunan ƙasa, irin su Gangaa da Saabon Ra'ayii, waɗanda ake rabawa a azuzuwan manya. Abin da ya dame su shi ne noman gyaɗa da auduga da awo da rigakafi da sha'anin ƙungiyoyin manoma. In waƙa ta shiga, to waƙar wayar da kai ce.

Mai Gyaran Rikoda

Ni ba ɗan boko ba ne sosai, amma na yi shekaru ina buɗe cikin waɗannan na'urori, tun daga garmaho mai wani har zuwa rikoda mai kaset biyu, don haka bari in yi magana a kan faya-fayan da aka samu. Masu nauyin nan su ne masu juyi 78 a minti, an yi su da wani irin ƙaro mai saurin fashewa, kuma kowane gefe ba ya ɗaukar abin da ya wuce kamar minti uku. Allurarsu ta ƙarfe ce, ana so a canza ta a kai a kai, amma mutanenmu sukan wasa ta a dutse su mayar, shi ya sa yawancin waɗanda suka rage sai ƙara kamar ana suyar gyaɗa. Babban da ya lanƙwashe mai juyi 33 ne, yana ɗaukar kusan minti ashirin a gefe guda. Kada ka sa shi a rana da niyyar miƙar da shi, ɗana, kuma kada ka wanke masu nauyin da wani abu mai barasa, domin narkar da su zai yi. Ka duba takardar da ke manne a tsakiya ka faɗa mana abin da aka rubuta.

Dalilin da ya sa jaridar Yamai ba za ta yi sharhin faifai ba a fili yake: ba mu da masana'antar buga faifai a ƙasar nan. Faya-fayan Hausa da muke saurare daga Najeriya suke zuwa, na kamfanoni irin su EMI da Decca, ɗan kasuwa ya sayo a Kano ya haɗo da atamfa da batir. Babu kamfani a nan da zai kai wa edita faifai ya ce a saurara a rubuta, babu kuma wanda zai biya kuɗin talla. Da kaset ya shigo a shekarun 1970 sai abin ya ƙara nisa da takarda, domin kowane mai rumfa a kasuwa ya zama kamfani: ka kawo kaset ɗinka na minti 60 ko 90, ka faɗi waƙoƙin da kake so, ya kwafa maka, ya rubuta sunan mawaƙin da biro in ya ga dama. Wasan biki ma haka, wani ya ajiye rikoda kusa da mawaƙi, gobe ka ji shi a tashar mota. Waɗannan kaset-kaset su ne suka fi kowace jarida riƙe wasannin gari, har da kukan jarirai da muryar mai shela yana faɗin kyautar da aka bayar, amma ba kwanan wata, ba sunan unguwa.

Akwai kuma abin da masu tattara faifai ba su cika lura da shi ba. Makaɗin fada ko na noma yana iya riƙe waƙa guda rabin sa'a, yana saƙa sunayen mutanen da yake gani a gabansa. Wanda aka shigar ɗaki aka ce ya gama cikin minti uku, ba wasansa ya yi ba, gutsure ya ba su.

Ɗalibar Jami'a

Iyayena, ina neman izinin sa baki, domin a kan makamancin wannan batu nake rubutun kammala karatuna a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Gaskiya ne ba a buga faifai a nan, amma an ɗauki kiɗan Nijar an buga a waje. A 1963 Tolia Nikiprowetzky ya zagaya ƙasar nan da na'urar ɗaukar sauti, kuma kamfanin Ocora na gidan rediyon Faransa ya fitar da abin da ya ɗauka a faya-fayai, ɗaya na kiɗan maroƙa, ɗaya na Buzaye da Bororo. Daga baya wani Bajamushe, Veit Erlmann, ya zauna a nan kwarin Maraɗi yana nazarin makaɗa, ya wallafa bincike a kan kiɗan bori a 1982, sannan a 1989 shi da Habou Magagi suka fitar da littafi a kan girka, wato bikin shigar da mutum bori. Abin da ke ba ni takaici shi ne, masu sayen irin waɗannan ayyuka da masu sharhinsu suna Turai da Amurka, yayin da jikokin waɗanda aka ɗauka suke nan cikin gari ba su taɓa jin labarin ba.

Duk da haka ban goyi bayan a raina tsofaffin jaridu ba, kuma a nan na ɗan saɓa da Inna Hajiya. Jarida tana da abu guda wanda kaset da bakin mutane ba su da shi, wato kwanan wata. Na tambayi dattawa huɗu shekarar da wata ƙungiyar samariya ta unguwarsu ta yi fice, kowa ya ba ni shekara dabam, har tazarar ta kai shekara shida, kuma kowannensu ya rantse. Layi guda a jarida zai raba wannan gardama. Ga mai son dubawa, akwai gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Yamai, akwai ONEP mai buga Le Sahel da Sahel Dimanche, sannan ga sauti akwai IRSH, cibiyar binciken al'adu da zamantakewa, da CELHTO, cibiyar nazarin harsuna da tarihin baka, da taskar gidan rediyon ƙasa, wanda ya fara aiki tun 1958. Yaya Ɗan Bagalam, idan aka gane shekarar shafinka, ana iya neman cikakkiyar fitowar a ga ko an faɗi wurin da aka yi taron.

Hajiya ta Sabon Gari

Ƴata, ban raina takarda ba, ni ma na sa ƴaƴana lakwal. Abin da nake cewa shi ne, kwanan watan abin da aka rubuta kaɗai za ki samu. Wanda ba a rubuta ba fa, wace rana za ki ba shi?

Jikan Makaɗi

Na daɗe ina karatu ban ce komai ba, sai da na buɗe hoton na ƙara girmansa. Yaya Ɗan Bagalam, ka yi mini haƙuri, waɗannan biyun ba kalangu suka rataya ba, kotso ne. Ka duba da kyau: babu iccen kiɗa a hannunsu, da yatsu suke bugawa, kuma gindin na hagun a buɗe yake, ba fata. Kalangu fata biyu gare shi, ana buga shi da lanƙwasasshen icce, kotso kuwa fata ɗaya. A gidan kiɗa na tashi, kakana da ƙannensa da wannan suka ci abinci, don haka ba zan ɓata ba.

Wannan gyara ba ƙarami ba ne, domin yana nuna cewa mutanen nan biyar ba ƙungiya ɗaya ba ce. Kotso kiɗan sarauta ne, irin wanda Narambaɗa da Ɗanƙwairo suka yi suna da shi, kuma mai kotso yana ganin kansa bawan sarki ne ba na kowa ba. Goge da ƙwarya kuwa nasu fagen dabam ne, wajen ƴan bori da gidajen wasa na bariki. A yadda na san kakana, da wuya ya yarda ya haɗa tabarma da mai goge in ba hukuma ce ta aiko a tattaro makaɗa ba. Ina kyautata zaton an kwaso su ne daga wurare dabam-dabam aka zaunar domin baƙi, mai hoto ya ɗauka ya wuce. Ke nan hoton ba wasan gari ya nuna mana ba, taron hukuma ya nuna.

Game da rashin suna, zan faɗi abin da wataƙila ba zai yi wa wasu daɗi ba. A wancan lokaci ana kiranmu maroƙa, ana jin daɗin kiɗanmu, amma ba a ba mu aure a gidaje da yawa, kuma yaron da ya je lakwal ya zama ɗan jarida ya taso ne da wannan kallo. Ba mantuwa ya yi ba, bai ga dalilin tambaya ba ne. A ɗaya gefen kuma, kakana bai taɓa damuwa da jarida ba. Abin da yake ƙirgawa shi ne riga da doki da damman gero, kuma a ganinsa shi ne mai ba mutane suna, ba shi ake ba. Attajirai nawa ne na garin nan da ba wanda zai tuna da su yau in ba don an saka su a waƙa ba?

Tsohon Mushe

Ɗana, ka koya mini abin da ban gani ba, alhali na fi minti goma ina kallon hoton nan. Na karɓi gyaran kotso. Amma maganar cewa makaɗi bai damu da jarida ba, a nan ina da ja. Kakanka bai damu ba domin a zamaninsa fada da gonar sarkin noma suna ciyar da shi. Da wannan ya ja baya, sai ya zamana wanda aka rubuta sunansa shi ake gayyata Yamai, shi ake sakawa a tawagar da za ta fita waje, shi kuma ake tunawa in ya rasu.

Ka duba yadda abin ya sauya da aka kafa gasar Ɗan Gurmu a 1987, wadda aka sa wa sunan shahararren makaɗin nan na Tawa, sannan aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya a Yamai. Daga nan ne jaridu suka fara kiran mawaƙa da sunayensu, ana hira da su, ana buga hotonsu su kaɗai. Amma su wa? Masu jita da orkes. Sa'adu Bori, wanda ya ɗauko waƙoƙin bori ya ɗora bisa kayan zamani, ya sami rubutu a gida da waje, musamman bayan faifan da suka yi da Moussa Poussi ya fito a Landan a 1994, kuma da ya rasu a hatsarin mota a 2008 an yi ta'aziyyarsa a ko'ina. Ya cancanci haka, Allah ya jiƙansa. Sai dai masu garaya da goge da suka riƙe waɗannan waƙoƙi tun kafin a haife shi, su ba a tambayi sunayensu ba.

Haka yake a fagen kokowa. Kowa ya san Kantu na Maraɗi ne ya ɗauki takobin zakara a gasar kokowa ta ƙasa ta farko da aka yi a Tawa a 1975, har filin kokowarmu yana ɗauke da sunansa. To wa ke iya faɗa mini sunayen waɗanda suka yi masa kiɗa a ranar, suka zuga shi har tsikar jikinsa ta tashi kafin ya shiga fili? Da ɗan jarida ya ƙara layi biyu, da yanzu muna da su.

Mai Gyaran Rikoda

Malam, ko masu kayan zamanin ba duka suka tsira ba. Mamman Sani ya ɗauki kaset ɗinsa na kiɗan organ a gidan rediyon ƙasa a 1978, kuma shekara da shekaru muna jin kiɗansa tsakanin shirye-shirye ba tare da yawancinmu mun san mai shi ba, sai da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi a 2013 sannan aka fara rubutu a kansa ko'ina. In haka ta faru ga mutumin da ke zaune a Yamai kusa da ƴan jarida, ina ga mai gurmi na ƙauyen Tsibiri?

Ina kuma jan hankalin ƴata ɗaliba a kan taskar sauti. Zaren ɗaukar magana yana da tsada a wancan zamani, don haka gidajen rediyo da yawa, har da na Turai, sukan goge tsohon abu su ɗora sabo a kansa. Wanda ya tsira kuma zafi da ƙura suna cinsa. An taɓa kawo mini wani faifan zare daga gidan wani tsohon ma'aikaci, da na ɗora shi sai baƙin garin da ke riƙe da sautin ya riƙa zubowa bisa yatsuna kamar toka, muryar tana fitowa tana dusashewa, kuma wannan juyi guda shi ne na ƙarshe da ya yi. Tun daga ranar ba na kunna tsohon zare ko kaset sai na haɗa shi da kwamfuta tukuna.

Ɗan Bagalam

Na gode ƙwarai, iyayena. Na bi shawarar Baba Mushe na juya shafin. Akwai guntun labari a kan rabon hatsin agaji, kuma haruffan CMS sun fito sau biyu, don haka bayan Afrilun 1974 ne. Takardar tsakiyar faya-fayan garmahon ta goge, sai hoton kare a gaban ƙaho nake iya gani a ɗayansu. Babban kuwa na EMI ne, an rubuta an yi shi a Najeriya. Ban taɓa sanin mahaifinmu yana sauraren kiɗa ba, domin mu dai da carbi muka san shi, kuma har yanzu ina tunanin ko shimfiɗa kawai ya yi da shafin nan, ko kuwa akwai wanda ya sani a cikin hoton, tunda shi kaɗai ne aka naɗe gida biyu hoton yana ciki.

Mai Gyaran Rikoda

Karen nan tambarin His Master's Voice ne. Ka kawo mini shi rumfa a cikin tsumma, a kwance, kada ka ɗora masa komai. Ina da allurar da za ta karanta shi ba tare da ta ci shi ba.

Ɗalibar Jami'a

Majalisar sojan ta yi mulki daga 1974 har zuwa 1989, don haka tazarar tana da faɗi, amma maganar hatsin agaji tana iya kai mu ga tsakiyar shekarun 1970 ko kuma farin 1984 zuwa 1985. Yaya, ka turo mini sunayen manyan baƙin da aka jera a gefen hoton, domin da muƙamansu ana iya gane shekarar, tunda an san lokacin da kowane minista ya riƙe kujerarsa. Abin dariya ne a ce sunayen da suka danne na makaɗan su ne za su kai mu gare su.

Jikan Makaɗi

Jiya da dare na kai wa kakata hoton a waya. Idonta ya yi rauni, ta daɗe tana matso da shi tana nesantawa. Masu kotson ba ta gane su ba, ta ce ba na gidanmu ba ne, wataƙila daga Gobir aka kawo su. Mai waƙar ma ta ce hannunsa ya kare rabin fuskarsa. Amma da ta zo kan mai ƙwarya sai ta yi shiru, sannan ta ce ta san wannan zama, domin bahago ne, kuma yakan karkatar da ƙwaryar ya danne ta da ƙafar dama. Ta ce mutumin wani ƙauye ne ta wajen Madarumfa, yakan sauka gidanmu in ya shigo gari ranar kasuwa, kuma ba kiɗa ne sana'arsa ta asali ba, dukanci yake yi. Ta faɗi sunansa da na mahaifinsa, amma ba zan rubuta su a nan ba sai na nemi iyalinsa na ji ko sun yarda, tunda ta ce ƴaƴansa sun zama malamai kuma ban san yadda za su ɗauki maganar ba.

Ta ce gilashin waya yana ɗauke mata ido, tana son ta riƙe takardar da hannunta a hasken rana, ko za ta gane mai gogen. Yaya Ɗan Bagalam, in kana da sarari ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ka zo da shafin a cikin littafi mai kauri don kada ya ƙara yagewa, zan jira ka a bakin gidan matasa na Bawa Ɗan Wardanga mu ƙarasa gida tare.